Surukar Ɗan Kwangila

Da sunan Allah Mai rahama, Shi nake roƙo Ya riƙe mini hannu har ƙarshe.

Na Ameera Lawan

SHAFI NA 11

Na gode ƙwarai da addu'o'inku. Har yanzu sai na maimaita karanta shafi ba adadi kafin in iya turawa, littafina na farko ne, ku ci gaba da haƙuri da ni. Anti Ummi da ta ce na cika zagaye-zagaye, na ji, yau kai tsaye za mu shiga.

* * *

Tun daga bakin get Sauda ta jiyo ƙugin injin kwaɓa siminti.

Ko fakin ba ta tsaya gyarawa ba. A karkace ta bar motar gindin darbejiya, ta kifa hular kwano a kan hijabinta, ta shiga da sassarfa.

Fili ya cika maƙil. Leburorin zuba dekin sun iso tun sassafe, 'yan Gawuna da 'yan Badawa, kowa da kwanon sarkinsa, an naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa. Ga tsakuwa, ga yashi, ga siminti an jibge. Mai shinkafa da wake har ta kafa tukunya a jikin katanga, don ranar dekin ba a barin ma'aikaci da yunwa.

"Sannu da zuwa Injiniya!"

"Injiniya, yau ake yin ta!"

Hannu kawai ta ɗaga musu. Ta zagaya bayan ginin, ɓangaren tsohon mangwaro, tana addu'a a ranta.

Turakun suna nan daram inda ta bar su. Ko ɗaya ba a gusar ba.

(Wata ta tambaye ni mene ne turaku. Su ne sandunan da kafinta yake kafawa su tokare katakon sama, wanda za a zuba kankare a kansa. Su ke ɗauke da nauyin komai har ya bushe.)

In ka kalli ƙasar da ke ƙarƙashinsu, a shimfiɗe take kamar ba komai. Amma Sauda ta san abin da ke ciki. Tana nan ranar da aka rushe tsohon gidan, lokacin ba a ma ba Baba kwangilar ginin ba. Da idonta ta ga murfin tsohuwar sokawe, a tsage, kafin katafila ta turo ƙasa ta binne shi. Rami ne mai zurfi. In ɗanyen kankare ya hau sama, ga mutane a kai suna kai da kawowa...

Ta runtse ido.

Aikinta ke nan a filin. Hajiya Halima, mai wurin, ta ɗauke ta ta zama idonta a kan benen gidajen haya da take ginawa, ta duba aikin ɗan kwangila, in ta ga gyara ta faɗa. Matsalar ɗaya ce tal. Ɗan kwangilar Alhaji Sanusi ne, wato Baba, mahaifin mijinta. Mutumin da ko sunansa ba ta iya kamawa. Akwai ma wani birkila a filin mai wannan sunan, "mai sunan Baba" take ce masa, yara na ta dariya.

Ta laɓe bayan tulin bulo ta danna kiran mijinta.

"Amaryata, har kin isa?"

"Hanif, ka faɗa wa Baba saƙona kuwa?"



"Saƙo ai ya isa."

"Ba haka na tambaye ka ba. Kai ɗin nan, da bakinka, ka faɗa masa?"

"Sauda, kin fa san ni ɗan fari ne. Baba ko sunana ba ya kira, sai 'wancan'. Daga ina kwana sai an tashi lafiya, shi ke nan hirarmu. In je in tsaya a gabansa in ce aikinsa da gyara? Da wane bakin?"

"To wa ka faɗa wa?"

"Umma."

"Ka ce mata me?"

"Na ce... kin ce Baba ya ɗan duba wajen mangwaron nan, ƙasar wurin ba ta cika ƙwari ba."

"Ya ɗan duba?" "Na ce maka rami ne! Ramin da zai haɗiye motarka har da kai a ciki! Har da cokali na zana maka shi a kan tuwo!"

"Na tuna. Ai ni na cinye ramin."

"Hanif ba wasa nake ba."

"Yi haƙuri. Wallahi ban so ya ji kamar kina koya masa aiki ne. Sai na ɗan sassauta."

"Jiya na tambaye ka, ka ce in kwantar da hankalina an gyara, shi ya sa ban leƙo ba. Ga shi an tayar da inji, turaku suna kan ramin."

Ta ji numfashinsa ya sauya.

"Innalillahi. To ke da kike ganinsa kullum, me ya hana ki..."

"Ni surukarsa ce!"

"Ni kuma ɗansa ne. Kin ga an yi canjaras." Ya sassauta murya. "Kar ki yi kuka, ga ni nan zuwa."

"Ka zo ka yi me? Ka durƙusa ka sunkuyar da kai?"

"Sai mu sunkuya tare, ko ba komai an rage miki kaɗaici."

Duk da halin da take ciki sai da dariya ta kusa ƙwace mata. Ta kashe wayar ta goge ido da gefen hijabi.

Ba kunya ce kaɗai ta ɗaure mata baki ba. A gabanta Hajiya Halima ta faɗa, ranar da ruwan sama ya sake ɓata musu aiki: in ba a zuba dekin Asabar ɗin nan ba, za ta karɓe aikin ta ba kamfanin wasu matasa. Hajiya kuwa ba ta magana biyu. Baba ya daɗe bai samu babban aiki irin wannan a Nassarawa ba, yara masu manyan motoci sun kwashe. Ranar da aka ba shi, har rago ya yanka.

Yau ce Asabar ɗin.

"A'a, 'yar Baba ce a nan?"

Ta zabura. Ga Baba tafe, farin gemu, jamfa ruwan toka, tef na leƙowa daga aljihu. Nan take ta zube a kan tsakuwa. Hular kwanon ta sulluɓe ta gangara gabansa.

"Ina kwana Baba."

"Lafiya lau, lafiya lau. Tashi mana, tsakuwa ce." Ya ɗauki hular ya kaɗe ta da hannun rigarsa, ya miƙa mata yana kallon gefe. "Ya mutan gidan?"

"Lafiya ƙalau Baba."

"Madalla. Saƙonki ya iso ni."

Ta ɗago kaɗan.

"Ummanku ta ce kin damu ƙwarai, wai in riƙa kula da kaina wajen mangwaron nan." Ya yi murmushi har haƙorinsa na Makka ya fito. "Kin ga na ɗauke kujerata daga can na mayar gindin darbejiya. Reshen da ya leƙo ma na sa an sare. Jiya a masallaci nake ba su labari, na ce ku kuna da surukai, ni 'ya Allah Ya ba ni. Tana duba gini tana duba tsoho."

Sauda ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Allah Ya yi miki albarka."

"Amin Baba."

Abin da ya iya fitowa ke nan. Amin Baba.

Ya juya ya ɗaga murya. "Lawan! A jera yara, bismillah!"

Lawan, shugaban leburori, ya buga tafi. Layi ya fara miƙewa daga bakin inji zuwa matakalar katako. Kwano na farko ya cika.

Daidai nan Bartholomew ya zo wucewa da guduma a kafaɗa. Shi ne babban kafinta, mutumin Zariya, tun yana saurayi yake tare da Baba. Kowa Bato yake ce masa.

"Malam Bato!"

Ita kanta ba ta san muryarta za ta fita haka ba. Ya tsaya.

"Na'am Injiniya?"

"Don Allah tambaya gare ni." Idonta na kan takalminta. "A ce... a ce mutum ya kafa turaku a kan tsohon rami, bai sani ba. Me zai faru in aka zuba kankare?"

Baba, da ya fara tafiya, ya tsaya cak. Bai juyo ba.

Bato ya kalle ta, ya kalli bayan Baba, ya rage murya.

"Injiniya, ga Alhaji nan fa. Inuwarsa ma a kan ƙafarki take."

"Na sani. Kai nake tambaya."

"To." Ya sauke gudumar. "Abin da zai faru, sai dai Allah Ya kiyaye."

Baba ya yi gyaran murya, yana kallon katanga.

"Bato."

"Alhaji."

"Tambayi Injiniya, wane rami?"

Bato ya juyo gare ta. "Alhaji ya ce wane rami."

"Ka ce wa Baba sokawen tsohon gidan. Tana nan ƙarƙashin turakun wajen mangwaro. Katafila ce ta binne ta."

"Alhaji, ta ce..."

"Na ji. Tambaye ta, da idonta ta gani ko labari aka ba ta?"

"Injiniya, da idonki..."

"Ka ce wa Baba da idona. Murfin a tsage yake."

Bato ya share goshi. "Yau na ga ta kaina. Ina zaman zamana kafinta, an mayar da ni wayar tarho. Jama'a, tsakaninku fa ko tabarma ba za ta shimfiɗu ba."

"Bato, aikinka aka sa ka."

"To Alhaji, ina kan layi."

Sai Baba ya ce, a hankali, "Tambaye ta, saƙon da ta aiko ke nan? Ba na reshe ba?"

Wannan karon Bato bai maimaita ba. Sauda ta gyaɗa kai kawai, hawaye na ɗiga a kan hular da ke hannunta.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Rami ya fito daga gidanku, kafin ya iso ni ya zama reshe."

Ya ɗaga wa Lawan hannu alamar a ɗan saurara, ya sunkuya ya zari guntun rodi mai tsawo, ya nufi wajen mangwaro. Suka bi shi. Ya shiga tsakanin turakun yana caka rodin a ƙasa. Nan tauri. Nan ma tauri. Ya matsa gaba ya sake cakawa.

Ƙwam.

Ƙara ce irin ta ganga, mai rami a ciki.

"Kawo shebur."

Bato da kansa ya tona. Bai yi nisa ba baƙin kankare ya bayyana, da tsaga a tsakiyarsa kamar an ja layi da wuƙa. Turaku uku a kanta suke tsaye. Baba ya zura rodin cikin tsagar, ya sake shi.

Rodin ya shige gaba ɗaya. Sai can suka ji ƙararsa a ƙasa.

"La'ilaha illallahu," in ji wani lebura da ya biyo su.

Bato ya cire hularsa. "Yesu. Ni na kafa su da hannuna. Alhaji, wallahi ƙasa na gani."

"Kowa ƙasa ya gani. Ba laifinka."

Lawan ya iso yana haki. "Alhaji rana na yi fa. Kwaɓin farko zai sandare a inji. Yara sun ce a hau ko a sauka?"

Baba ya tsaya yana kallon tsagar, yana murza gemu. Sauda ta saci kallonsa. Ta san abin da yake tunani. Ta san muryar wa yake ji a kunnensa: ta Hajiya Halima.

"Bato."

"Alhaji."

"Tambayi Injiniya. In aka kawo katako masu kauri aka gicciya a kan murfin, aka sake kafa turakun a kansu, aka bar ɓangaren nan sai ƙarshe... zai riƙe?"

Bato ya dube ta. Bai yi wasa ba wannan karon.

Ta san amsar. Ba zai riƙe ba. Ba wanda ya san iyakar faɗin ramin, gefunansa ma sun sha ruwan damina. Sai an sauke turakun, an fasa murfin, an cike ramin an daddaɓe, sannan a sake kafawa. Ba aikin yau ba ne, ba na gobe ba.

Amma in ta faɗa, ta karɓe wa Baba aikinsa da bakinta. Mutumin da ya je masallaci yana alfahari da ita.

"Ka ce wa Baba..." Ta tsaya. "Ka ce wa Baba... ai Baba ya fi ni sani."



"Bato."

"Alhaji."

"Matsa gefe."

"Alhamdulillahi," in ji Bato, "an sauke ni." Ya ja hannun Lawan suka koma nesa kaɗan.

Tunda aka kawo ta gidansu, Baba bai taɓa tsayawa gaba da gaba da ita haka ba. Ta ƙara sunkuyar da kai har haɓarta na taɓa ƙirji.

"Sauda."

Ta razana. Bai taɓa kiran sunanta ba.

"Na'am Baba."

"Kin san wa ya ce wa Hajiya ta dawo da ke filin nan bayan an gama rusau?"

"Ita ce ta kira ni Baba."

"Ita ta kira. Wa ya ce ta kira?"

Ta girgiza kai.

"Ni ne." Ya rage murya yadda su Bato ba za su ji ba. "Idona na hagu ya fara hazo tun bara. Na dama ma ya fara bin sahu. In na ja tef, sai na kira yaro ya karanta mini, in ce wai gwada shi nake. Ko Ummanku ban faɗa wa ba, kin san ta, sai ta ɓoye mini mukullin mota. Da aikin nan ya zo na ce, ni kaɗai ba zan iya ba. In baƙo aka kawo ya gane, ya tona ni. Gara in nemi idon gida."

"Baba..."

"Ashe ido na samu, baki na rasa."

Kuka ya ƙwace mata. Ta toshe baki da hijabi.

"A'a, ba faɗa nake ba. Kunyarki ado ce, iyayenki sun yi tarbiyya, kuma ina jin daɗinta. In mun fita get ɗin can, ki durƙusa har ƙasa ta gaji da ke, ba zan hana ba. Amma dubi can."

Ta bi hannunsa da kallo. Layin leburori, kwanuka a ka, suna jira. Wani na tsokanar wani, wani na waƙa ƙasa-ƙasa.

"Kowanne da uwarsa. Su za su hau saman nan, ba ni ba, ba Hajiya ba. Zuciyata tana ce mini katako zai riƙe. Amma zuciyar mai son aikinsa ce, yau ban yarda da ita ba. Ke kika karanta, ke kika ga ramin a buɗe. Ba zan karɓi amsa ta bakin Bato ba, ba ta bakin Ummanku ba, balle ta wancan. Ɗago ki faɗa mini."

"Baba, Hajiya ta ce in ba a zuba yau ba..."

"Na ji abin da Hajiya ta ce, ina wurin. Ba shi na tambaye ki ba."

Ta ɗago.

A hankali, kamar mai ɗaga dutse. Karon farko ke nan da ta ga fuskarsa sosai. Ashe yana da ɗan tabo a gira irin na Hanif. Ashe idon hagun ya yi fari-fari a tsakiya, kamar an ɗiga nono a ruwa.

"Ba zai riƙe ba Baba."

"Me za a yi?"

"A sauke turakun. A fasa murfin a cike ramin."

"Yau fa?"

"Yau... ba za a zuba ba."

Ya kai hannu kunne. "Injin nan ya cika ƙara. Ban ji ba."

"Ba za a zuba ba Baba."

"Ni na ji. Su ba su ji ba. Ai ba ni ke riƙe da kwano ba."

Ta dube shi. Murmushi yake, idonsa ya kawo ruwa.

Sauda ta mayar da hular kwanon kanta. Ta juya ta fuskanci filin, ta cika ƙirji da iska.

"Malam Lawan! A kashe inji! Kowa ya sauke kwano, ba dekin yau!"

Filin ya ɗauke wuta. Duk suka juyo, ba ita suke kallo ba, Baba suke kallo.

"Me kuke kallona?" Baba ya daka tsawa. "Ba ku ji Injiniya ba? Lawan, kashe!"

Ƙugin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya mutu. Har kukan tsuntsayen kan darbejiya aka fara ji.

Gunaguni ya tashi a layi. Baba ya ɗaga hannu.

"Ba wanda zai koma gida haka. Duk wanda ya zo, ya zo. A je a ci shinkafa tukuna, sannan a kawo diga, akwai ramin da za mu yi wa sallama. Kwaɓin da ke inji a juye a bakin get, dama wurin na tara ruwa."

"Allah Ya ƙara girma Alhaji!"

"Injiniya ashe da murya!" wani ya faɗa daga baya. "Mun ɗauka sai da rimot!"

Aka fashe da dariya. Sauda ta ji kunya ta dawo mata gaba ɗaya, ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Sai ga Hanif ya shigo da gudu-gudu, rigar ofis ko maɓalli bai gama sawa ba. Yana hango mahaifinsa ya rage sauri, ya zo ya zube gefen matarsa.

"Ina kwana Baba."

Baba ya kalli sama.

"Bato."

"Alhaji, na yi ritaya fa."

"Dawo, na ƙarshe ne. Ka ce wa wancan, in an ba shi saƙon rami ya kai rami. In ba zai iya ɗauka ba ya ce ya yi masa nauyi."

"Hanif, Alhaji ya ce..."

"Na ji Kawu Bato," in ji Hanif, kansa a ƙasa. "A ba shi haƙuri."

"Ka kuma ce masa ya iya zaɓe. Wannan kaɗai na yaba masa."

Hanif ya saci kallon Sauda ta gefen ido, ya ɗan taɓa ta da gwiwar hannu. Ta make shi a ɓoye.

Ba su ji buɗe get ba. Ƙarar taya a kan tsakuwa suka ji.

Baƙar jif ce. Ta tsaya daidai tsakiyar fili, inda layin leburori yake ɗazu. Direba ya zagayo da sauri ya buɗe ƙofa.

Hajiya Halima ta sauko, leshi ruwan goro, baƙin gilashi, carbi a hannu. Ta ɗaya ƙofar wani matashi ya fito, da sabuwar hular kwano fara tas a hammata, yana ƙare wa ginin kallo kamar mai taya kaya a kasuwa.

Ta dubi injin da ya yi shiru. Ta dubi kwanuka a kife. Ta dubi ma'aikatanta sun yi layi a gaban tukunyar shinkafa.

Ba ta amsa gaisuwar kowa ba.

"Na taso tun daga gida in ga ana zuba mini dekin," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Na tarar ana walima. Wa ya kashe mini inji?"

Baba ya gyara hularsa ya taka gaba. Ta bayansa ya miƙo tafin hannu wajen Sauda, alamar ki tsaya nan, ki yi shiru.

"Ni ne, Hajiya. Akwai bayani, in za ki..."

"Ni ce."

Hanif ya riƙo gefen hijabinta. Ta zame. Ta wuce hannun Baba, ta wuce kafaɗarsa, ta tsaya a gabansa. Ba ta taɓa shiga gaban Baba ba, ko a hanyar masallacin Idi.

"Ni ce Hajiya. Ni na ba da umarni."

"Yarinya ce, Hajiya, ni ne ɗan kwangila..."

"Ni kika ɗauka in duba, ni na ce a kashe."

Hajiya ta zare gilashinta a hankali. Ta kalli tsohon, ta kalli yarinyar. Matashin nan ya sauya wa hularsa hammata yana murmushi.

"Abin sha'awa," ta ce. "Suruki da suruka. To ni mutum ɗaya nake nema. Bayani zan ji shi daga baya, amma na riga na rantse, wanda ya tsayar mini da aiki yau, shi da filin nan sun yi sallama."

Ta nuna get da carbinta.

"Ku sake faɗa mini, a hankali. Wa ya kashe?"

Baba ya buɗe baki.

Sauda ta riga shi.